Fasfon da Kawu ya ƙona

Kawu ne ya shigo mana da labarin igamar dindindin, wato takardar izinin zama a ƙasar, yana huci kamar shi ya sa mata hannu. Yayan Inna ne, gyaran takalma yake a bakin layinmu na unguwar Misfala a Makka, amma in ya buɗe baki sai ka rantse a jawazat, ofishin shige da fice, aka yanke masa cibiya.

"Ke Hajiya, tashi ki yi sujada!" ya ce da Inna. "An buɗe wa baƙi zama na har abada, su da iyalansu. To wa ya kai mu daɗewa? Mu da muka tsufa a maƙwabtan Ɗakin Allah?"

A lokacin ƙanena yana tsare a tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Wata tsohuwa yake turawa a keken guragu kusa da Harami aka kama shi ba takarda. A Misfala aka haife shi, kamar ni, Hausarsa ma sai ya jiƙa ta da Larabci take fita. Inna ta daina cin abinci, don haka da Kawu ya ce in ta samu igamar, ɗanta zai fito a ƙarƙashinta, ta kama maganar hannu bibbiyu.

Muka ci ado, wallahi har da turare, muka tafi unguwar Aziziyya wajen wani mu'aƙƙib mai bin takardun mutane. Kawu a gaba, da jallabiyar aro.

Mutumin bai ko ce mu zauna ba, ya hau jero wa Kawu tambayoyi. Yana da kamfani? Ya mallaki gida? Likita ne, ko wani gwani da ƙasa ke nema? Kowace tambaya Kawu sai ya amsa da yawan shekarunsa a Makka, sai ka ce tsufa sana'a ce. Daga ƙarshe mutumin ya dubi Inna.

"Ya hajja, ina fasfonki?"

Inna ta juya ta kalli yayanta.

Shekarar da ta zo Hajji ta ƙi komawa, Kawun nan ne ya bi ɗaki ɗaki ya tattara fasfon duk masu zama, ya zuba a garwashi. Haka ake yi a lokacin. Wai wanda ba shi da ƙasa, ba a san inda za a jefa shi ba. Kai, jama'a! An sani mana. Fuskarmu kaɗai ta ishe su.

Mu'aƙƙibin ya ce wannan igama ta masu hali ce da masu takarda tsaf, daɗewa ba ta cikin sharaɗi. A mota Kawu bai ji kunya ba, cewa ya yi yaron bai san aikinsa ba, shi ya san wani mu'aƙƙibin a unguwar Zahir. Na tsane shi a ranar, kuma ban ɓoye ba. Na ce, "Kawu, don Allah ka rufe mana baki."

Takardar da ta fito da sauri ita ce ta mayar da ƙanena Najeriya. Wannan kam ba ta nemi kamfani ba.

Da ya sauka Kano ya ari wayar wani ya kira. Ina jin hayaniya a bayansa.

"Ummi, wajen wa zan je?"

Inna ta fara lissafo 'yan'uwanta. Duk sunan da ta kama sai ta tsaya, ta ce a'a, wannan ya rasu. Tana cikin neman na gaba mai wayar ya karɓi abarsa.