Zakaran da Ba Mu Ci Ba

Mu goma sha ɗaya muka tashi daga Wurno a ƙafa, matasan cocin Katolika, za mu ziyarar ibada wani ɗan coci da ke wajen Goronyo. Lokacin azuminmu ne na kwana arba'in, ranar kuwa Juma'a, wadda ba ma cin nama. Malamin cocinmu na gaba da gicciye, ni ina can baya ina mita, don ni tun ina yarinya rana da yunwa ba su taɓa barin bakina ya yi shiru ba.

Da rana ta take muka raɓe a inuwar wata bishiyar bedi, kusa da inda wani dattijo yake tsince albasa. Ya amsa gaisuwarmu, ya daɗe yana kallon carbin da ke hannuna. Ya ciro tasbaharsa ya jera su, yana ƙirga 'ya'yan nawa da yatsa.

"Ke ɗiyata, mi kuka hwaɗi cikin wanga?" in ji shi.

Na gaya masa. Ni ma na tambaye shi nasa, ya gaya mini. Daga nan ya shige gida, muka ɗauka sallah za shi. Ashe zakaransa ya je ya yanka.

Can sai ga matarsa da akushin tuwon gero, da kwanon miya, nama zuƙu-zuƙu a sama. Muka yi tsuru-tsuru. Kowa ya san baƙon da ya ƙi abincinka ya zage ka, ga shi kuma gidan ba ka ganin wata kaza tana yawo. Malaminmu ya shiga kame-kame, yana bayani yana haɗa gumi.

Dattijon ya riƙe haɓa. "Wanga wane irin azumi na? Ku sha ruwa da rana tsaka, amma nama ya haramta?"

Muka ce na Juma'a ne kawai, don tuna ranar da aka gicciye Yesu. Ya yi ta tambaya: kifi fa? ƙwai fa? yara ma suna yi? Matar kuwa tana tsaye, idonta na kan kwanon. Ita ta fige zakaran, ita ta hura wuta cikin wannan zafi.

Kunyarta ta kama ni, tausayinta kuma ya fi kunyar. Na ce a raina Allah zai gane, kuma kada in yi ƙarya, ƙamshin ma ya taimaka. Na miƙa hannu na ɗauki cinya.

Kafin ta kai bakina dattijon ya ɗaga sandarsa ya tare.

"Aje, ɗiyata. Don ni kinka ɗauki azumin ga?"

Na ce a'a, Baba.

"To ba ki karya shi don ni. Ni in kin iske ni ga watan azumi, ko zuma kinka kawo, ba ni sha."

Ya juya ya ce wa matarsa ta ɗauke kwanon, ta damo mana fura. Ita ce ta karɓi cinyar daga hannuna, ta goge mini yatsu da gefen zanenta, tana dariya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan carbina.