Kwalekwalen da Ke Nutsewa a Ƙarshe: Jinjina ga Onezim Rabud

Kafin rana ta gama fitowa a Ans Zirondel, Onezim Rabud ya riga ya hau tudun tuta. Haka muka taso muka same shi, haka ’ya’yanmu suka taso suka same shi: gajeren wando, hular kaba da iska ta cinye wa baki, rediyo rataye a wuya, ƙahon katantanwa a hammata. Yakan tsaya ya dubi ruwan ciki, wanda ke kwance lamo tsakanin gaɓa da katangar murjani, sannan ya ɗaga ido ya dubi ruwan waje, inda teku ke dukan katangar tana tofar da farin kumfa. Daga nan ya kunna rediyo ya ji abin da masu duba yanayi suka hango. In sun ce lafiya, ya sauko ya sha shayinsa da dafaffen rogo. In sun ce akwai abin da ke ƙulluwa can arewa maso gabas, ya ɗaura jar tuta ya ja igiya.

Kowane yaro a tsibirin Rodrigues ya san karatun tutar nan. Ɗaya, guguwa tana nesa amma ta san da zamanmu. Biyu, a ɗaure rufi, a kafe tagogi, a nutsar da jirage. Uku, kowa ya shige ɗaki. Ta huɗu kuwa ba mai ganinta, don ba wanda ke waje. Aikin da aka ɗauki Onezim ke nan, ɗaga tuta da busa ƙaho, kuma ranar Asabar ɗin da ta wuce ya ajiye shi, bayan ya tsufa a kansa.

Amma a ƙauyenmu ba mai kiransa mai tuta. Kawu Me-ya-sa muke ce masa, don ban taɓa ganin ɗan Adam mai son tambaya irinsa ba. Me ya sa ƙaguwa ke barin gaɓa ta shigo mana har madafa in guguwa ta kusa? Me ya sa sama ta fi kyau a jajibirin masifa, ta yi shuɗi tas, gajimare ya yi siriri kamar shafaffiyar auduga, duk bakinsa na nuna wuri guda? Me ya sa iska ke ɗaukewa ɗif, zafi ya manne wa mutum a jiki, amma igiyar ruwa ta riƙa zuwa doguwa, a hankali, tana faɗa wa katanga da rugugin da ake ji har kan duwatsu? Ya tambayi tsofaffi, ya tambayi fada a coci, ya buga wa masu duba yanayi waya har suka saba da muryarsa. Suna ba shi amsa, yana godiya, sai ya ɗora wata tambayar a kai.

Matarsa Klemans takan ce, “Ni dai ban sani ba ko miji na aura ko tambaya. Jiya fa sai da ya tsare ni a kan me ya sa wake ke kumbura.”

Shi kuwa ya ce, “To, ai har yau ba ki faɗa mini ba.”

Muna yi masa dariya, ba zan ɓoye ba. Mun daina ne a shekarar da guguwa ta yaye rufin makaranta.

Ranar, gari ya waye da tuta ɗaya a sama, sararin samaniya fes, ruwan ciki ya janye har murjani ya fito fili. Mata masu kamun urit, kifin nan mai hannu takwas, suka ɗauki sandunansu na ƙarfe suka shiga da ƙafa kamar kullum, don sun san a irin wannan rana urit yakan yi wauta ya leƙo daga rami. Hantsi bai gama ɗagawa ba rediyo ya ce guguwar ta juya, ta ƙara gudu, ta nufo mu. Onezim ya ƙara tuta ta biyu, ya busa ƙaho.

Nan da nan gaɓa ta cika. Aka kwance injuna aka haura da su tudu, aka zare itacen jirgi da zanen iska, aka tura kowane kwalekwale zuwa inda ruwa ke kai ƙirji, aka loda masa duwatsu, aka karkata shi ya sha ruwa har ya kwanta a ƙasa. Jirgin da aka bari a tudu, iska za ta ɗauke shi ta kai wa maƙwabta. Wanda ke ƙarƙashin ruwa kuwa sai dai ta wuce ta kansa. Onezim ya bi gaɓa yana dubawa, na wane ya shigo, na wane ma ya shigo, har ya tabbata ba jirgin da ya rage a waje. Sannan ya nutsar da nasa, mai shuɗin fenti, wanda ya gada daga mahaifinsa.

Tun kakanninmu haka muke yi: in lissafin jirage ya cika, to na mutane ma ya cika. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tuna cewa mata da ƙafa suke shiga teku.

Yana kan hanyar gida ya wuce ta ƙofar Zelin, wata bazawara da ke zaune ita kaɗai, wadda duk ƙauyen ya san ta da kaifin baki da iya kamun urit. Kowane gida ana buga ƙusa, ana jefa igiya a kan rufi. Gidan Zelin shiru. Tagoginta a buɗe, akuyarta ɗaure a waje tana kuka, urit ɗin da ta shanya jiya yana lilo a kan igiya. Mutane da yawa sun wuce ta wurin, kowa da abin da ya dame shi. Onezim ne ya ja ya tsaya.

Ya ƙwala wa maƙwabciyarta kira, “Filomen! Me ya sa Zelin ba ta kwashe shanyarta ba?”

Filomen ta ce, “Wa ya san mata? Ƙila tana coci tana yi wa fada faɗa.”

“Tare kuka fito daga ruwa?”

“Wace Zelin? Ita da ba ta yarda a ga ramukanta. Tun da safe ta ware ta yi can wajen bakin katanga. Mun ɗauka ta zagayo ta ɗaya gefen ne.”

Onezim ya juya ya hau tudun tuta da gudu, ya sa hannu ya kare ido. Ruwan ciki da ya bari a kwance ya canja. Manyan igiyoyi sun fara tsallake katanga suna zubowa ciki, ruwa ya dawo tun kafin lokacinsa, kuma kwarin da mata ke ƙetarewa da ƙafa ya zama kogi mai gudu. Can bayan kwarin ya hango wani ɗigo ja. Ɗankwalin Zelin ne. Ruwa ya kai mata ƙugu, ta kafa sandarta cikin murjani ta rungume, kuma babu jirgi ko ɗaya a saman ruwa a duk Ans Zirondel, don shi da kansa ya tsaya aka nutsar da su.

Waɗanda suka ji busar da ya yi a lokacin sun ce ba su taɓa jin irinta ba. Mutane suka yar da guduma suka sheƙo.

Ya ce, “Zelin tana katanga. A tayar da jirgi.”

Wani ya ce, “Na wa? Duk wanda aka tayar yanzu, ba lokacin mayar da shi.”

Kowa ya koma kallon ƙafarsa. Kada mu zarge su. Kwalekwale a wurinmu shi ne gona, shi ne rumbu.

Onezim ya ce, “Nawa ya fi kusa.”

Ba gaskiya ba ne, nasa yana can tsakiya. Amma ba wanda ya gyara masa. Maza suka riƙa nutsewa suna fito da duwatsu, suka ɗaga bakin jirgin da kafaɗa, mata suka shigo ruwa da tukwane da bokitai suna kwarfa. Klemans tana cikinsu, tana kwarfa tana masifa: “Wallahi in ka mutu a kan Zelin, ba zan sa baƙin kaya ba!” Injin yana kan tudu, ba lokacin ɗauko shi. Onezim da Dorval, abokin kamun kifinsa, suka ɗauki gorar tuƙi suka tafi.

Daga gaɓa muna ganinsu, igiya ta ɗaga su, ta ɓoye su, ta sake ɗaga su. Sama ta fara yin toka-toka ta gabas, iska ta soma zuwa da ɗan bugu, ta tsaya, ta sake zuwa. Ruwan kwarin ya kwashe su ya wuce da su, suka dawo suka sake gwadawa daga sama. Dorval ya ce da suka isa, ruwa ya kai wa Zelin ƙirji, leɓenta ya yi fari, murjani ya yayyanke mata ƙafa. Onezim ya miƙa mata hannu, sai ta miƙo masa igiyar urit ɗin da ta kama.

“Karɓi wannan tukuna.”

“Zelin, ke mahaukaciya ce? Kawo hannu!”

“Tun safe nake riƙe da su, sai yanzu zan bar wa teku? Kuma me ya tsayar da kai? Tambayoyi kake yi a hanya?”

Ya karɓi urit ɗin, sannan suka jawo ta. Ta zauna a cikin jirgi tana karkarwa, ba ta saki sandarta ba har gaɓa.

Sun iso ana ruwa a karkace, rediyo na cewa a ɗaga tuta ta uku. Jirgin Onezim aka ja aka ɗaure a gindin tsamiyar bakin gaɓa, kowa ya ruga gida, shi kuma ya hau tudu ya cika aikinsa. Da guguwa ta wuce, maza suka tayar da jiragensu lafiya lau. Na Onezim, igiyar kawai aka samu a jikin tsamiya. Bayan kwanaki wani manomi ya sauko daga dutse da guntun katako mai shuɗin fenti, ya ce a cikin masararsa ya tsince shi. Onezim ya jujjuya katakon a hannu, idonsa ya kawo ruwa, don da hannun mahaifinsa aka sassaƙa shi.

Wani zai tsaya a nan ya jira a yaba masa. Shi tambaya ya kawo dandali: me ya sa muke duba jirage ba ma duba mutane? Daga tambayar nan al’adarmu ta yau ta fito. Duk macen da ta fito daga ruwa ranar da tuta ke sama, sai ta kafa sandarta a gindin tsamiya, kowace sanda da ƙyallen mai ita. Kuma jirgi ɗaya zai zauna a saman ruwa, da gorarsa a ciki, har sai sanda ta ƙarshe ta tsaya. Da aka tambayi na wa zai zama, Onezim ya ce ai shi ya riga ya saba.

Kawu Onezim, kai ne mutumin da ya ga taga a buɗe ya ƙi wucewa. Kai ne ka yi shekaru kana aron gurbi a jirgin wasu kafin ka haɗa wani, kuma da ka haɗa shi, shi ka sa ya zama na ƙarshe. Kowace damina muna ganinka tsaye cikin ruwa, hannu a kan bakin jirgi, ido a kan tsamiya, iska na tashi, namu duk sun kwanta lafiya a ƙasa. Ban san yadda zuciyarka take a irin wannan lokaci ba, kuma ina jin kunyar cewa ban taɓa tambayarka ba.

Zelin ba ta taɓa yi masa godiya da baki ba. Abin da take yi, kullum ita ce ta ƙarshe wajen kafa sanda, ko da tun ɗazu ta fito. Sai ta zauna a bayan dutse ta gyara kifinta tsaf, sannan ta taho tana rangwaɗa.

“Zelin, me ya sa kike yi mini haka?”

“Don kada ka yi ƙiba.”

Ranar Asabar ɗin nan an shirya masa ’yar walima, da shinkafa da jan wake da miyar urit, amma teku ba ta san da walima ba. Tun Alhamis ƙaguwa ke shigowa gida, igiyar waje na rugugi a ƙarƙashin shuɗiyar sama, kuma ana cikin zuba abinci rediyo ya ce a ɗaga tuta ta biyu. Onezim ya miƙe, sai ya tuna ya ajiye aiki, ya miƙa wa Dorval, wanda ya gaje shi, ƙahon. Dorval ya busa, ya juyo ya ce, “Daga yau jirgina ne zai tsaya a saman ruwa, Kawu.”

Onezim ya gyaɗa kai, amma ya shiga ruwa ya tsaya jikin jirginsa, bai nutsar da shi ba. Idonsa na kan tsamiya. Sandunan mata duk sun tsaya, sai gurbin guda, na Zelin, wadda ciwon gwiwa ya raba da teku tun bara. Ya san tana gida, mu ma mun sani, amma ƙafarsa ta ƙi tafiya.

Sai ga ta, tana dogara tsohuwar sandarta mai jan ƙyalle. Ba ta nufi tsamiya ba. Ta shiga ruwa har gwiwa, ta kafa sandar a gabansa.

Ya ce, “Me ya sa kika fito da wannan ƙafar?”

Ta ce, “Don na san ba za ka tafi ba sai ka gan ni. Ga ni, na dawo, Onezim. Tun ranar nan na dawo. Nutsar da jirginka ka je ka huta.”

Mun gode, Kawu Me-ya-sa, mu da iyayenmu mata da ke shiga teku da ƙafa. Ku kuma masu karatu, kowane gari yana da tagar da aka bari a buɗe ranar da kowa ke rufe tasa. In kun ga irinta, ku ja ku tsaya ku tambaya.

Zelin ce ta sunkuya ta ɗauko dutsen farko ta sa masa a cikin jirgi. Ranar, jirgin Onezim ne ya riga na kowa kwantawa a ƙasa.