Kaset na Ranar Binnewa

A shagon Gaiya mai kaset, kusa da inda ake hawa motar Zungeru, wani tsoho yana zaune ya rungume rikoda. Rigarsa ta yi masa yawa, idanunsa sun faɗa. Waƙar makoki yake rerawa da Kamukanci, irin wadda na ji ranar binne kakata. Duk sanda ya kira sunan mamacin, sai ya dafa ƙirjinsa. Ina jin 'ya'yansa suna can Abuja, Turanci ya ishe su.

Tari ya sarƙe shi, Gaiya ya kashe rikodar.

"Baba, mu bari sai gobe."

"A'a ɗana, mu ƙarasa yau. Ka rubuta a jikin kaset ɗin da Turanci, don 'ya'yana su iya karantawa: a kunna in an sa ni a rami."