Injin Mashin a Motar Baba

Wata huɗu ke nan rabona da riƙe sitiyari. Ranar da abin ya faru na tashi daga aiki ne, a siton da nake shirya kaya cikin kwali a gefen titin Wendover Avenue, a nan ƙasar waje da muke zaune, na turo hancin motata zan hau babban titi. Ban ga mai mashin ɗin ba, ƙararsa na fara ji. Ya kauce mini ya faɗi, mashin ya yi ta jan gefe a kan kwalta, kuma injin bai mutu ba, yana kwance yana ta ihu shi kaɗai. Mutumin ya rayu, ƙafarsa ce ta karye. Kowa ya ce in gode wa Allah, na kuwa gode. Amma har gobe in mashin ya wuce ta bayan gidanmu a Pleasant Garden, sai in tsaya cak har ya yi nisa.

A garin nan wanda ba ya tuƙi kamar ɗaurarre yake, ko burodi sai da mota. Mama ke kai ni aiki ta kuma ɗauko ni. A gida ba a ambaton hatsarin, sai dai a ce "abin nan da ya faru".

Baba bakanike ne tun muna Jos, a nan ma gyaran manyan motoci yake yi. Ya daɗe yana burin irin motar nan da ake saya a wargaje mutum ya haɗa abarsa. Bana kayan suka iso gareji: ƙashin mota na ƙarfe mara nauyi, kujera biyu, ba rufi ba ƙofa, sai jakunkunan noti. Inji ne kawai ba ya zuwa da ita, kai za ka zaɓa, ko na ƙaramar mota ko na babban mashin. Baba na mashin yake so. Ya ce mutum biyu sa ɗaga shi, giyarsa a jikinsa take, kuma in ka taka totur motar sai ka ce an harbo ta. Mama ta ce ashe keke mai ƙafa uku zai haɗa mana, to ya fara neman fasinjan Jos zuwa Bukuru.

Duk Asabar sai ya leƙo ya ce, "Uwata, zo ki riƙe mini sufana." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni. Na san ba sufana ce matsalarsa ba, so yake in sake sabawa da mota. Har a coci ya gaya wa abokansa cewa ni zan fara tuƙa ta.

Na kasa gaya masa. Shi ya zo ya same ni a bakin titi ranar, zaune a ƙasa, kuma ran nan na fara ganin hawayensa. Tun daga nan ban sake jin yana fito da baki ba sai da akwatunan kayan motar nan suka zo. Ta yaya zan ce masa abin da yake shirin sawa a garejinmu, bango ɗaya da ɗakina, shi ne abin da nake gudu?

Sai na ɗauki waya na shiga bincike, in samo aibun injin mashin wanda bakanike zai yarda da shi. Na fara da ribas. Na ce masa mashin ba shi da giyar baya, in ka shiga lungu sai ka sauko ka tura. Ya yi murmushi ya ce akwai ɗan injin lantarki da ake liƙawa don haka. Na ce kulocinsa ba zai jure go-sulo ba, ya ce motar ba ta da nauyin da za ta wahalar da shi. Asabar ta uku na zo da babba. Na ce mashin yana kwantawa in zai sha kwana, mota ba ta kwantawa, don haka baƙin mai zai gudu gefe ɗaya ya bar inji a bushe. Baba ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ƙwala wa Mama kira ta zo ta ji. Ya ce akwai makanikan da suka yi shekara ashirin ba su san wannan ba. Ya ce wa Mama, "Kin gani? Ta dawo."

Na shiga banɗaki na zauna a kan murfi ina numfashi ta baki. Duk hujjar da na kawo ƙara masa ƙarfi take yi.

Wata Asabar da safe ya ce in raka shi garin Summerfield, wani dattijon Bature mai dawaki yana da injin sayarwa. Na yi zaton za mu tarar da shi a kan katako, ƙarfe kawai. Da mutumin ya shigar da mu rumfarsa ya yaye tamfol sai ga mashin sukutum. Tayar gaba ta lanƙwashe ta shige ciki, tanki ya loɓa, gefen hagu duk ya goge har ƙarfen ya yi fari. Na tambayi Baba da Hausa me ya same shi. Ya ce, yana leƙa ƙasan injin, ai daga irinsu ake samu, wa zai cire wa lafiyayyen mashin inji? Bai ko ɗago ba. Ni kuwa idona na kan gogaggen gefen nan, na san yadda ake samun irin wannan gogewa.

Baturen ya tambaya ko muna son mu ji shi. Na buɗe baki in ce a dakata, Baba ya riga ya ɗaga masa babban yatsa, mutumin ya tayar da injin.

Ban tuna fitata ba. Na dai tsinci kaina a tsugune a jikin shingen dawaki, na rungume itace, shayin safe duk ya dawo. Wata goɗiya tana kallona tana tauna. Can ƙarar ta tsaya, na ji takun Baba a kan tsakuwa.

"Uwata, mene ne?"

"Baba, ba ribas ba ne. Ba baƙin mai ba ne." Na share bakina. "Ƙarar ce. Irinta ce sak."

Ya tsuguna kusa da ni.

"Duk karatun nan da kika yi ta yi?"

"Tsoro ne."

Ya cire hularsa ya juya ta a hannu. Sannan ya tashi ya koma wajen mutumin, na hango su suna magana, Baturen yana gyaɗa kai yana mayar da tamfol. A hanyar gida Baba bai kunna rediyo ba. Na ba shi haƙuri, na ce na ɓata masa abu. Ya ce shi ne bai tambaya ba. Daga nan sai ya hau lissafin aiki da kansa: injin mota ya fi nauyi ya fi tsawo, ƙafafun ɗora inji da ya riga ya yi wa walda sai an yanke, motar kuma ba za ta yi wannan tashin ba. Ba da fushi ya faɗa ba, da ma fushin ya yi.

Yanzu injin wata tsohuwar ƙaramar mota ne a ciki. Ya ɗauke shi makonni kafin ya zauna daidai. Baba ya daina cewa ni zan fara tuƙawa, ni ma ban tambaya ba, kuma in na ga yana ɗaura wani sabon abu sai in kau da kai, don kullum motar ƙara kama da mota take yi.

Shekaranjiya da yamma ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina, ya ce zai tayar da inji, ko in fita tare da Mama in na ga dama. Ya ce amma yana bukatar wanda zai duba masa allurar agogon baƙin mai yayin da shi yake wajen inji. Na bi shi. Ban zauna a kujerar ba, na tsaya a gefe na dafa ƙarfen motar, na sunkuya. Ya murza makulli, ƙarfen ya hau rawa a tafin hannuna. Ya tambaya ko allurar ta motsa. Na ce ta motsa, bai ji ba, sai da na sake faɗa da ƙarfi.