Giyar Anselmo da Dodon Koɗi

Tun da Anselmo Curilef ya ajiye aikin kafinta a garin El Bolsón, ya koma dafa giya a rumfar bayan gida. Kayan aikinsa tukunya ce babba, da muciyar da ya sassaƙa da hannunsa, da jarkar da giyar ke kwana a ciki har ta nuna. Furen lupulo kuwa, wanda ke ba giya ɗaci da ƙamshi, a jikin shingensa yake yaɗo.

Anselmo bai iya zuba furen nan da awo ba. Zai tsara komai da safe, tsiron sha'ir kaza, fure kaza, amma da tukunya ta tafasa sai ya ƙara cikin hannu, ya sake ƙarawa. Maƙwabta kan kurɓa su ce, "Kai, akwai ƙarfi," sannan su tuna da wani aiki a gida.

Yabonsu bai dame shi ba. Burinsa ɗaya ne, matarsa Herminia ta sha, ta ce ta yi daɗi. Ita kuwa ko kofin ba ta taɓa ɗauka ba.

Wata shekara ya lura kwalaben giyar suna raguwa. Sai ya yi murmushi. Ya raɗa wa amininsa Nicanor, "Tsohuwar nan a ɓoye take sha. Kunya ce kawai."

"To, Allah ya sa," in ji Nicanor.

Ranar da ya shiga lambu neman bokiti, ya tarar da ƙananan kwanoni a binne tsakanin kunyoyin latas, kowanne cike da giyarsa. Herminia na durƙushe tana cire ciyawa.

"Tsohuwa, mene ne wannan?"

"Tarkon dodon koɗi ne. Ƙamshin giya ke jawo su, su faɗa ciki." Ba ta ko ɗago ba. "Amma ta bana ko su kewaye ta suke yi, tsoho. Dubi yadda suka cinye mini latas."

Anselmo ya daɗe yana kallon kwanonin. Babu dodon koɗi ko ɗaya a ciki.

Da ya tashi dahuwa ta gaba, ya zuba fure daidai yadda ya tsara, ya cusa hannayensa a aljihu. Da giyar ta nuna, Herminia ta ɗauki kwalba za ta lambu. A bakin ƙofa ta shinshina, ta kurɓa, ta ɗan tsaya.

"Wannan kam ba ta dodon koɗi ba ce," ta ce. "Miƙo mini kofi."