Keken da Na Zaɓar wa Ƙanena

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ina roƙon ɗan fili a wannan mujalla in sauke wani abu da ya daɗe yana ci na a zuci. Ba zan kama sunan kowa ba, domin mai laifin da ya fi kowa a labarin shi ne mai rubutun.

Ni dattijo ne daga wani ƙauye a ƙasar Kwaya. Lokacin da abin ya faru ban daɗe da dawowa gida ba, bayan na share fiye da shekara talatin ina yawon neman abinci. Na yi karen mota a Kano, na yi dako a bakin teku a Kwatano, na sayar da agogo a Abijan, na yi gadi a Libiya. Na dawo ina jin Faransanci da Larabci da Barbarci da ɗan Yarbanci. Na kuma dawo da wata cuta da ban san ina ɗauke da ita ba: duk abin da mutumin gida ya nuna mini, sai in ce na ga wanda ya fi shi a wani gari. Mutane suna girmama ni a kan haka. In takarda ta zo daga gwamnati, ni ake kawo wa. In za a sayi rediyo ko injin ban ruwa, sai a ce a tafi da Alhaji, shi ya ga duniya. Ni kuwa na yarda da su fiye da yadda su suka yarda da ni.

Ina da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk tsawon shekarun da nake waje, shi ya riƙe gonar gado, shi ya yi jinyar iyayenmu, shi ya sa su a rami ba na nan. Bai taɓa wuce Damagaram ba. Mutum ne marar yawan magana, ko da furfura ta fara fito masa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Yaya. A shekarar nan jakinsa ya mutu, ya koma ɗaukar wake da gyaɗa a ka, ko ya jira amalanken maƙwabta in da wuri. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce a zuciyata, wannan bawan Allah ya yi mini abin da ba zan iya biya ba, bari in saya masa keke mai ƙarfi, irin na da, wanda zai ɗauki buhu biyu bai ji ba.

Ranar kasuwar Dungas muka tafi tare. A layin masu kekunan hannu, wato waɗanda aka riga aka mora, na hango wani keke: baƙi wul, da siririn zane ruwan zinariya a jikinsa, da tambari a wuya irin na kekunan Turai da na hau ina saurayi a Abijan. Da na ga tambarin nan sai ƙuruciyata ta dawo mini gaba ɗaya. Na sunkuya na karanta rubutun da ƙarfi don a ji. Mai keken, wani baƙo da ban san shi ba, nan take ya gane irin mutumin da ya samu. Ya juya harshe zuwa Faransanci, ya ce tun safe mutane ke wucewa ba wanda ya san abin da yake kallo sai ni. Ya ce keken wani tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, da ya riƙe shi kamar ƙwai. Muka yi ta hira da harshen da ƙanena ba ya ji, shi kuwa yana tsaye a gefe yana murmushi, yana alfahari da yayansa.

Akwai wani tsoho mai gyaran keke da ke zama a gindin bishiyar bedi kusa da wurin. Ƙanena ya san shi, sai ya ce a hankali ko za mu bari Baba ya ɗan duba. Tsohon ya taso yana ɗingishi. Bai ko kalli tambarin ba, don ba ya karatu. Ya ɗaga keken da hannu ɗaya ya auna nauyinsa, ya ajiye. Sannan ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa firam ɗin, wato gangar jikin keken, a wuri uku, yana kara kunne. Ya girgiza kai ya ce, Alhaji ya yi haƙuri, ƙarfen nan ba ya amsawa a wajen wuya, kamar an ƙwanƙwasa ɗanyen kabewa. Ya ce a bari ya kankare fenti kaɗan da wuƙa mu gani. Mai keken ya yi tsalle ya ce ba a ɓata masa kaya. Ni kuma, maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ji an taɓa girmana. Na ce wa tsohon, a gaban jama'a, ina hawan irin keken nan tun shi bai san ana sa wa taya iska ba, kuma a ƙasashen da na zauna ido ake sayen kaya da shi, ba kunne ba. Mutane suka yi dariya. Tsohon ya ce Allah ya ba Alhaji haƙuri, ya koma gindin bishiyarsa. Na biya, na miƙa wa ƙanena kan keken na ce nasa ne. Har yau ina ganin yadda ya sunkuyar da kai don kada in ga hawayensa.

Ya yi wata biyu da wani abu yana mora. Kullum da safe sai ya goge shi da tsumma kafin ya fita. Wata rana na ga ya naɗe wuyan firam ɗin da robar tsohon tub, naɗi mai kyau, tam. Na tambaye shi, ya ce don kada igiyar kaya ta goge fenti ne. Har na yaba masa, na ce haka masu keke ke yi a Kwatano.

Da kaka ta yi, ya ɗaure buhun wake biyu a kariyar bayan keken ya kama hanyar kasuwa da hantsi. Akwai wani gangare a hanyar da ruwan damina ya zaizaye. A nan firam ɗin ya rabu biyu daga wuya. Tayar gaba ta tafi da kan keken, shi ya faɗi da baya cikin kwazazzabo, buhunan suka bi shi. Masu amalanke suka tsince shi. Ina zaune a ƙofar gida ina ba wa mutane labarin Libiya mai kabu-kabu ya zo ya ce in hau. Daga gidan likitan Dungas aka tura mu Damagaram. Aka yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, likita ya ja ni gefe ya yi mini bayani da Faransanci, kuma ranar ce kaɗai na yi fatan a ce ba na jin harshen nan. Ƙashin baya ne. Rai ya tsira, ƙafafu ba za su sake ɗaukarsa ba.

Bayan mun dawo gida na je na kwaso gutsattsarin keken. Na warware robar nan da ya naɗa. A ƙarƙashinta na ga tsagar ta yi tsatsa har ciki, sabuwar karayar 'yar kaɗan ce a gefe ɗaya. Ko ni da ban iya komai ba na gane tsagar ta daɗe. Na ɗauki ƙarfen na tafi wurin tsohon nan. Na yi zaton zai tuna mini abin da na faɗa masa, da ma ya yi, da na ji sauƙi. Sai ya tambayi jikin ƙanena, ya yi masa addu'a, ya sa wuƙa ya kankare fentin. Mastik, irin ƙullun da masu gyaran mota ke cike lotsa da shi, ya riƙa zubowa kamar busasshen tuwo. A ƙasa bututu ne siriri, irin wanda ake yin kujerun biki da shi, an ɗiga masa walda sama-sama an haɗa shi da bayan wani mataccen keke. Tambarin da ya ruɗe ni na gaske ne, amma daga wani keken aka ɓamɓaro shi aka manna da gam. Ya kife firam ɗin ya nuna mini lambar da ke ƙasan gidan feda, an goge ta farko an buga wata a karkace. Sannan ya jawo wani tsohon firam da fentinsa duk ya zube, ya ƙwanƙwasa. Ya yi ƙara siririya mai tsawo kamar ƙararrawar lakwal. Ya ce wannan shi ne abin da yake nema ranar nan bai ji ba.

Na yi kwanaki ban iya tambayar ƙanena ba. Matarsa tana kawo mini ruwa ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ba ta taɓa canza mini fuska ba, wannan kuwa ya fi zagi zafi. Wata rana da la'asar na zauna a bakin tabarmarsa na ajiye robar a gabansa. Ya kalle ta. Sannan ya ce ya ga tsagar tun mako uku kafin faɗuwar, siririya kamar gashi. Na ce don me bai gaya mini ba, don me bai kai wa Baba ba? Ya ce ya yi niyya, har ya tura keken ya nufi gindin bedin, sai ya tuna da dariyar da aka yi ranar nan. Ya ce in ya kai, kafin la'asar duk kasuwa ta ji cewa Alhaji da ya zaga duniya an sayar masa da kujerar biki. Ya ce shekara talatin yana gaya wa mutane yana da yaya, ba zai zama shi ne zai sa a yi wa Yaya dariya ba. Ya yi tunanin robar za ta riƙe har ya gama kai wake, sannan ya sa a gyara a wani gari inda ba a san mu ba. Na nemi gafararsa, ya ce Yaya ya daina, abin da Allah ya rubuta ne. Na sani haka ne. Amma na kuma san bakin da ya hana a kankare fentin.

Yanzu ni nake noma gonarsa. Hannuna ya manta hauya, kunyoyin da nake yi karkatattu ne. Da damina mukan ɗora shi a amalanke mu kai shi gindin gawo, ya zauna yana nuna mini inda na bar ciyawa. Wani lokaci yakan ce Yaya ya gwada yi wa geron Faransanci ko ya fi ji. Mu yi dariya, sannan in juya baya in ci gaba da noma don kada ya ga fuskata.

Ga duk mai niyyar sayen keken hannu, musamman na ɗaukar kaya, ina roƙonsa kada tambari da sabon fenti su ɗauke masa hankali. Tsohon keke mai ƙyalli abin tambaya ne. A ƙwanƙwasa ƙarfen a saurara, a shafa mahaɗa da yatsa a ji ko akwai tudu, a kife a duba lamba, a tsaya ta baya a ga ko tayoyin suna layi ɗaya. In mai kaya ya hana a kankare fenti ko da faɗin farce ne, a bar masa abinsa. In kuma an ga tsaga, kada a naɗe ta, a sauka. Sannan ina magana da irina, manya da aka saba jin maganarsu. Mu lura da yadda muke amsa wa wanda ya gyara mana zance, domin na ƙasa da mu suna kallo, kuma daga ranar suke koyon abin da ba za su sake gaya mana ba.

Karyayyen firam ɗin yana rataye a zaurena. Duk wanda ya zo ya ce in raka shi sayen keke, nakan miƙa masa sifana in ce ya ƙwanƙwasa ya ji. Daga nan sai in ce ya wuce gindin bedi wurin Baba, ni ban iya ba.