Ɗan Kifin da Ruwa Ya Bari a Kan Yashi

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ina yarinya, ƙaramin tulu kawai nake iya ɗauka. Ƙauyenmu yana gabas da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, in maƙwabta sun ɗora tukunya sai ka ji ƙamshin miyarsu. A shekarar nan ƙamshin ya ɗauke. Baba ya bi mota zuwa kudu neman aiki, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba har wata daminar ta kewayo. Aka bar mu mu huɗu a gida: ni, da mahaifiyata Inna, da ƙanena Sani, da Iya, mahaifiyar Baba.

Tafasa da rama muke ci, wani lokaci da ɗan gari a ciki. Sani da ya fara tafiya sai ya koma zama. Ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja, ya daina ko kuka. Shirun nan nasa ya fi komai ba ni tsoro.

Wata rana Kawu Ilu, yayan Inna, ya zo daga wajen Shanono. Ina bayan rumbu na ji yana cewa su can suna da sauran shanu, ana samun ɗan nono, amma mutum biyu kawai zai iya ɗauka, Inna da yaron. Da safe za su kama hanya. Na kasa kunne in ji Inna ta ƙi. Ba ta ƙi ba.

Bayan sallar magariba Iya ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta kamar kullum. A nan take ba mu labarin kura da dila, tana sauya murya har mu yi dariya. Ran nan na zauna ina riƙe da bakin zanen Inna, wai don kada ta tafi ban sani ba. Iya ta kalli hannuna, ta gyara wuta.

"Yau ba tatsuniya zan ba ki ba, Jummai," in ji ta. "Abin da idona ya gani ne."

Da ƙuruciyarta ta zauna a wani zango a bakin teku a ƙasar Gana, inda kakanmu yake fataucin shanu. Ta ce wata safiya ta je sayen kifi, ta tarar masunta sun bar jiragensu sun yi cirko-cirko suna kallon ruwa. Wasu halittu ne suka zo kusa da gaɓa, bayansu baƙi ƙirin, cikinsu fari tas, da farin tabo a bayan ido. Kowanne yana da wani abu tsaye a gadon baya kamar bakin garma. In sun taso sai su fesa numfashi, ka ji kamar zugazugin maƙeri. Masunta suka ce mata kifi ne a ido, amma haihuwa suke yi, su shayar da 'ya'yansu, kuma dangi guda suke tafiya.

Ruwan teku yana janyewa ya dawo, ta ce, kullum haka yake. To, da ya janye sai ya bar ɗan ƙaraminsu a kan yashi. Ƙarami ne a wurinsu, amma ya kai bijimi. Yana ta bugun wutsiya, rana tana dukansa.

"Uwar ta taho," in ji Iya. "Ta matso har cikinta yana gogar ƙasa. Kowa ya san in ta ƙara gaba kaɗan ita ma ta maƙale. Ta tsaya nan tana wani kuka siriri, shi yana amsawa."

Sauran suna can cikin zurfi suna kewayawa. A cikinsu akwai wata matashiya, wadda masunta suka ce babbar 'yar uwar ce. Sai ta yunƙuro za ta bi uwarta, wata tsohuwa mai yagaggen baya ta sha gabanta ta mayar da ita. Ta sake yunƙurowa, tsohuwar ta sake tarewa. Haka suka wuni.

Wasu mutane sun zo da adduna, suna cewa nama ne Allah ya kawo. Shugaban masunta ya hana. Mata suka ɗauko ƙoruna suna kwara ruwa a kan ɗan kifin don kada fatarsa ta bushe, Iya ma ta ajiye kwandonta ta shiga cikinsu. Da la'asar ruwa ya fara dawowa, maza suka taru suka tura shi. Ya shiga a karkace, yana nutsewa yana tasowa, uwar ta shiga ƙarƙashinsa tana tallafa shi.

Na ce, "Iya, ya rayu?"

"Allah ne ya sani. Na dai gan su har suka sha kwanar wani dutse, yana numfashi."

Na so ta ce ya rayu. Na dubi Sani a cinyar Inna, na ga ita ma shi take kallo. Duk da haka na kwanta da ɗan sanyi a raina, don a tunanina Inna aka yi wa labarin, an nuna mata uwa ba ta barin ɗanta. Ba za ta tafi ba.

Da safe ta goya Sani, ta ɗaura ƙullin kayanta. Na ruga zan bi su, Iya ta kama wuyan hannuna. Ban taɓa sanin tana da ƙarfi haka ba. Na yi ta fizga, tana riƙe, har suka ɓace a bayan kukar bakin gari. Inna ba ta waiwayo ba.

Ni da Iya muka ƙarasa ranin. Takan ce ta ci nata a madafi, ta tura mini kwanon. Kullum da yamma nakan je gindin kukar in tsaya, duk mai keken da ya ɓullo sai gabana ya faɗi, kada ya zama saƙon mutuwa ne. Bayan ruwan shuka Inna ta dawo, Sani yana tafe da ƙafarsa, siriri kamar kara. Baba ma ya dawo ana noman farko. Iya ba ta ga girbin ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita, jikin kuwa babu sauran abin da zai yi yaƙi da shi.

Na girma ina ɗaukar labarin a matsayin na uwa da ɗanta. Sai da aka kwantar da ƙaramin ɗana a asibiti a Kano, na bar babbar 'yata a hannun surukata tana kuka tana miƙo hannu, sannan na gane wa Iya take yi wa magana a gaban wutar nan. Ni ce matashiyar da take son bin uwarta cikin ruwan da ba zai ɗauke su duka ba. Iya ta san da safe za ta riƙe ni, ta kuma san ba zan fahimta ba, sai ta ba ni dalilin tun da yamma, in ajiye har ranar da zan buƙace shi.

Ran nan na fita daga gida da ɗana a baya, ina jin muryar 'yata har bakin titi. Sai a lokacin na san abin da ya hana Inna waiwayowa: in ta juyo sau ɗaya, ba za ta iya tafiya ba.